Me Ke Sa Mutum Ya Tara Wuƙaƙen Da Ba Ya Yanka Da Su?

   

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayar da ke cikinta tana da rassa, ga shi kuma mai ita ya ce a hanzarta saboda maganar ta fara taɓa zumunci. Ta fito ne daga wani bawan Allah, manomi kuma mai awon hatsi a kasuwar Maigatari ta Jihar Jigawa, ya kuwa roƙa a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa, ga abin da yake cewa:

"Mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce. A ƙuruciyarsa falke ne, yana kai tufafi da goro Damagaram da Agadas, ya saro kanwa da dabino. Da muka buɗe adakarsa sai muka tarar da wuƙaƙe 23, kowace a naɗe cikin tsummanta. Wasu da kube na jar fata da koriya, wasu irin na sawa a damtse, ɗaya kuma ta Bature ce mai naɗewa, da zobe a bayanta. Ba mu taɓa ganin ya yanka ko da albasa da su ba, amma mun sha ganin ya fito da su bayan la'asar yana gogewa. Yanzu wani dillali ya zo har sau uku, ya taya su duka naira dubu 150, ya ce wai akwai masu tara irinsu. Ƙanena ya ce a sayar a raba. Yayarmu ta ce kayan tsafi ne, a jefa su tsohuwar rijiya. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Shin me ke sa mutum mai hankali ya tara wuƙaƙen da ba ya aiki da su? Mu kuma yaya za mu yi?"

To Malam mai tambaya, da farko muna yi muku ta'aziyya. Allah Ya jiƙan tsoho, Ya sa ya huta, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. Ka kyauta da ka tsaya tambaya kafin a sallama, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Bari mu fara da maganar Yaya. Ka gaishe ta, ka ce in ji ni ta tuna jeren ɗakin mahaifiyarku. Kwalla a kan kwalla, langa da fanteka da tangaran tun daga ƙasa har kusa da rufi. A cikinsu guda nawa aka taɓa zuba wa tuwo? Amma ka tambayi tsohuwa, za ta gaya maka wannan ta ranar aurenta ce, waccan tsarabar Makka ce, waccan kuma sai da ta yi wata shida tana adashi kafin ta saya. Takan sauke su ta goge, ta mayar. Ba wanda ya taɓa kiran wannan tsafi. Maza ma muna da namu. Wani tantabaru ne, ya san kowace da sunanta. Wani huluna ne, ya tara 30 alhali kansa ɗaya. Wani kayan doki ne ko da dokin ya daɗe da mutuwa. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi tsohonku wuƙa ce ta karɓe shi, kuma ba shi kaɗai ba ne a duniya.

Son wuƙa don kyanta tsohon abu ne ƙwarai. A shekarar 1922 aka gano kabarin wani Fir'auna na Masar mai suna Tutankamun, wanda ya mutu sama da shekara 3,000 da suka wuce. Da aka warware likkafaninsa a 1925 sai aka sami wuƙaƙe biyu a jikinsa, ɗaya ta zinariya, ɗaya ta baƙin ƙarfe. A 2016 masu bincike suka tabbatar cewa ƙarfen ta biyun daga irin dutsen nan ne da ke faɗowa daga sama. Ka ga tun wancan zamani akwai wuƙar da ba don yanka nama aka ajiye ta ba.

Yanzu ga dalilan, kamar yadda na fahimce su.

Na farko shi ne aikin hannu. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wuƙa ta ƙwarai ba ta samuwa da sa'a. Yaro na zuga, gawayin ƙirya na ci, maƙeri ya riƙe ƙarfe da awartaki yana duka da masaba, yana mai da shi wuta, har ya miƙe ya yi siffa. Sa'an nan a zo wurin da gwaninta take, watau tsoma ƙarfen cikin ruwa ko mai yana da zafi don ya yi tauri. Launin ƙarfen kawai yake kallo. In zafin ya gaza, wuƙa ta fito da laushi, kullum tana dakushewa. In ya zarce, ta yi gautsi, ranar da ta haɗu da ƙashi ta karye. Bayan maƙerin baƙi ya gama, maƙerin fari ya yi wa mariƙin ado da jan ƙarfe ko tagulla ko azurfa, baduku kuma ya ɗinka kube. Watau wuƙa ɗaya, hannun gwanaye uku. Mai tara wuƙaƙe wannan yake gani in ya ɗaga ta. Yana duban yadda nauyinta ya daidaita a tafin hannu, da yadda ɗinkin kuben ya tafi bai kauce ba, kamar yadda Bafulatani zai dubi saniya ya ga abin da ni da kai ba mu gani ba.

Daɗin daɗawa, wani aikin ba ya sake dawowa. Kakanninmu tama suke haƙowa su narka, su fitar da ƙarfe da kansu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci kuma suka biyo baya, sai tsofaffin ƙarafa suka wadata, narkar da tama ta yi ta ja baya har aka bar ta. Yau yawancin maƙeranmu da ƙarfen sifirin mota suke ƙira. Ƙarfe ne mai kyau, ba a raina shi ba. Amma wuƙar da aka yi da tama, in ta ɓata ta ɓata ke nan, ba inda za ka je ka ba da sautun wata.

A wasu ƙasashe ma gwanintar maƙeri ce ke jan masu tarawa. A Japan, gwamnati ta hana yawo da takobi a 1876, sai maƙeran takubba da yawa suka koma ƙera wuƙaƙen girki da irin hikimar da suka gada. Har gobe garuruwan Seki da Sakai sun yi suna a kan wannan, mutane na saye daga nesa su ajiye. Akwai kuma ƙarfen da ake kira na Dimashƙa, wanda asalinsa daga Indiya ake kawo shi, mai wani zane a jiki kamar ruwa yana gudana. Masu sha'awa kan zauna su yi ta kallon zanen nan kamar yadda ake kallon aikin babbar riga.

Dalili na biyu, wanda nake zaton shi ne na mahaifinku, shi ne labari. Wani in ya yi tafiya rubutu yake yi a littafi. Wani kuwa abu yake sayowa, abin nan ya zama littafinsa. Ina kyautata zaton in da za a tashi tsoho a tambaye shi, sai ya ce wannan a Agadas na saye ta shekarar da raƙumina ya mutu, wannan wani aboki Buzu ne ya ba ni ranar da muka yi ban kwana. Gogewar da kuka ga yana yi bayan la'asar, hira ce yake yi da ƙuruciyarsa.

Wuƙaƙen kansu suna ɗauke da labarin fatauci. Takubba da yawa na Buzaye da na sarakunanmu, ruwansu a Turai aka ƙera shi, musamman a wani gari na Jamus mai suna Solingen. Fatake suka ratso Sahara da su ta hanyar Tarabulus, maƙeranmu suka sa musu mariƙi, dukawa suka yi kube. Shi ya sa za ka ga wani tambari a jikin ruwan takobi, alal misali jinjirin wata guda biyu. Da tambarin ya yi farin jini sai maƙeran nan gida su ma suka riƙa buga irinsa. Ita kuma ta Baturen nan da ka ambata, in mariƙinta na katako ne, zoben kuma shi ake ja kafin ta naɗe, to da alama irin wadda ake kira Okapi ce. An fara yin ta a Solingen a 1902 don kasuwannin Afirka, a 1988 aka mai da aikin Afirka ta Kudu. Ka duba gindin ruwanta. In sunan Jamus ne a rubuce, to ta girmi 1988. Ka ga ɗan rubutu ƙarami ya ba ka shekaru. Irin wannan bin diddigi shi ne rabin daɗin abin ga masu tarawa.

Na uku shi ne cika jere. Zuciyar ɗan Adam ba ta son giɓi. A Faransa akwai wani mai suna Joseph Opinel da ya fara yin wata wuƙar manoma mai naɗewa a 1890. A 1897 ya fitar da ita girma-girma, daga lamba 1 zuwa lamba 12. Daga baya aka daina yin lamba 1 da lamba 11. To mutum yana da sauran goma a jere, ina zai sami barci? Sai ya yi ta bin kasuwannin tsofaffin kaya shekara da shekaru. Haka masu tara jar wuƙar nan ta sojan Suwizalan mai almakashi da abin buɗe gwangwani, wadda kamfanin Victorinox ke yi. Karl Elsener ya kafa maƙerarsa a 1884, ya fara ba sojan ƙasarsu wuƙaƙe a 1891, kuma tun daga lokacin an yi iri-iri da yawa. Farauta ce ba kare ba gora. Maharbi kuma zai gaya maka bin sawun ya fi cin naman daɗi. A cikin neman nan ake yin abokai, a yi musaya, a yi gardama. A birnin Atlanta na Amurka har babban taro suke yi kowace shekara, maƙera da masu saye su haɗu kamar ranar kasuwa.

Na huɗu shi ne martaba da gado. A ƙasar Yaman namiji kan ɗaura wata lanƙwasasshiyar wuƙa a ciki, ana ce mata jambiya. Ado ce da alamar mutunci, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, kuma zare ta a kan ƙaramar husuma abin kunya ne. A Oman irinta ake kira hanjar, hotonta ma yana jikin tutar ƙasar, a 2022 kuma hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin ta cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mu ma nan, duk wanda ya kalli hawan Salla ya ga takubban da aka gada kaka da kakanni. Sai dai fa sha'awa in ta wuce gona da iri takan yi ɓarna. Son mariƙin jambiya na ƙahon karkanda ya taimaka wajen karkashe karkanda a gabashin Afirka, har hukumomin Yaman suka hana shigo da ƙahon a 1982.

Na biyar shi ne kuɗi, da gangan kuwa na bar shi a ƙarshe, domin nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Gaskiya ne wata wuƙar takan yi tsadar ban mamaki. A 2008 an yi gwanjon wata wuƙa a Landan ta Sarki Shah Jahan na Indiya, wanda ya gina Taj Mahal, aka saye ta fam miliyan 1 da dubu 700. Amma Malam kada ka ji wannan ka fara lissafin sayen mota. Waccan da sunan sarkin a jikinta da ruwan zinariya. Abin da ke sa wuƙa tsada abu huɗu ne: tsufanta, wanda ya ƙera ta, lafiyarta tare da kubenta na asali, da kuma sanin hannun da ta bi. Yawancin wuƙaƙen da ke adakokinmu kuɗinsu madaidaici ne. Okapin nan ma wuƙar talaka ce, an yi ta da yawan gaske. Akwai kuma sababbin wuƙaƙe da ake turara wa hayaƙi a shafa musu ƙasa don su yi kama da tsofaffi, a sayar wa baƙi, abin da ya sa masu saye na gaskiya suke da taka-tsantsan.

Duk da haka, dillalin da ya yi sawu uku a gidanku ba gaisuwa ta kawo shi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ban ce macuci ba ne, sana'arsa yake yi. Amma mai sayen tsofaffin kaya in ya ce a haɗa masa duka a dunƙule, sau da yawa guda ɗaya ko biyu ya hango, sauran rakiya ce. Shi ya san wace ce, ku ba ku sani ba. Ku 'yan kasuwa kun san yadda ciniki yake ƙarewa in mai saye ya fi mai kaya sanin kayan.

Kafin in ba ku shawara bari in faɗi tawa wautar. Kakana ya bar wata wuƙar damtse, ta faɗo a rabon mahaifina, daga baya ta zo hannuna. Ina saurayi na ga ta yi baƙi, sai na kai ta wurin mai injin wasa wuƙa a kasuwa, na ce a fito mini da ita fes. Ya kuwa fito da ita tana walƙiya. Da na kai wa wani tsohon maƙeri ya gani, sai ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Ɗana, ina tambarin?" Ashe akwai alamar maƙerin da ya yi ta a gindin ruwan, dutsen injin ya cinye. Ya ce da ya ga alamar da ya gaya mini gidan da ta fito. Wuƙar tana nan har yau, tana yanka, amma bakinta ya rufe, ba ta da sauran labarin da za ta bayar. Cikin minti biyar na shafe abin da ya shekara aru-aru.

Saboda haka ga shawarata.

Da farko, kayan nan gado ne, hakkin magada ne gaba ɗaya. Ƙanenka ba shi da ikon sallamawa shi kaɗai, kai ba ka da ikon riƙewa kai kaɗai, jefa dukiya a rijiya kuwa almubazzaranci ne. A sa su cikin lissafin gado a gaban malamin da zai raba. In Yaya ta ga wata da aka ɗaure wa laya ko wani abin da ya dame ta, a nuna wa malamin, ya faɗi yadda za a yi da abin da aka ɗaura. Wannan bai shafi ƙarfen ba.

Na biyu, tun kafin a yi maganar kuɗi, ku nemi tsofaffin da suka san marigayi. Mahaifiyarku in tana da rai, ko gwaggo, ko abokin tafiyarsa. A shimfiɗa tabarma, a fito da wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowace lamba, yaro ɗan makaranta ya rubuta abin da aka faɗa: inda aka samo ta, wace shekara, daga hannun wa. A ɗauki hoton kowace da waya. Wannan aikin ya fi kowane gaggawa, domin dillali zai dawo, amma tsoho in ya tafi ya tafi da abin da ya sani.

Na uku, kada a wasa, kada a kankare, kada a raba wuƙa da kubenta ko da ya tsufa. Tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki sun isa. Da damina a riƙa zare su ana shanyawa a inuwa, domin fata tana riƙe laima, laima kuwa ita ce uwar tsatsa.

Na huɗu, akwai doka. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Irin wannan ba a sayar wa kowa sai wanda hukumar ta amince masa, kuma ba a fita da shi ƙasar waje sai da izini. Ku da ke bakin iyaka ya kamata ku kula da wannan ƙwarai. Ka ɗauki hotunan ka je Gidan Makama a Kano, kusa da gidan Sarki, ka nuna wa ma'aikata. Ka kuma nuna wa Sarkin Maƙeran garinku. Shi dillalin, ka tambaye shi takardarsa.

Na biyar, in an tashi sayar da waɗanda doka ba ta hana ba, a yi cinikin kowace daban, a kuma ji tayin mutum fiye da ɗaya. Kai kuma da ranka bai kwanta ba, ina ganin na san dalili. In kana son ka riƙe wasu, a yi musu kuɗi tsakani da Allah, a cire daga rabonka, ƙanenka ya karɓi nasa ba tare da ƙorafi ba. Ko ku ɗauki ɗaiɗai kowa ya ajiye don tunawa. Wuƙa 23 ba su kai a ɓata zumunci a kansu ba.

Daga ƙarshe, jan kunne ga matasa masu saurare. Mai tara wuƙa daban, mai yawo da wuƙa daban. Tsohon nan ya shekara da shekaru da wuƙaƙe 23 a ɗaka, 'ya'yansa sun shaida ko albasa bai yanka da su ba. Wanda ya soke wuƙa a ƙugu ya nufi dandali ko taron siyasa, ba sha'awa ce ta ɗauke shi ba, kuma hukuma ce za ta yi maganinsa. A kulle adaka, a ajiye mabuɗi inda yara ba sa kaiwa.

To Malam mai awon hatsi, da fatan ka gamsu. In kun zauna da tsofaffin nan, don Allah ka sake rubuto mana abin da suka ce, musamman a kan na damtsen, mu ma mu ƙaru. Sauran masu wasiƙu ku yi haƙuri, duk suna nan a ajiye, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Jama'a, nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.